Saƙin Babana a Ƙunshin Dillaliya

Ni tela ce, haihuwar Agege, girman Agege. Shagona yana bayan layin dogo, inda in jirgi ya wuce sai allurai su yi ta rawa a cikin gwangwani. Ɗinkin mata nake yi in ci abinci, amma aikin da raina ya fi so shi ne haɗa wa 'yan wasan kwaikwayo kaya. Na daɗe ina riƙe da akwatin kayan ƙungiyar wasan unguwarmu, har zuwa shekarar da aka raba ni da shi. Har yau akwai masu cewa taurin kai ne ya ja mini. Taurin kan ina da shi, ban musa ba, sai dai yawancin masu faɗar haka ba su san kan zancen ba.

A shekarar, ƙungiya ta ɗauko wani tsohon littafi, irin waɗanda iyayenmu suka karanta a makaranta a Arewa, mu kuma muka tarar da su a nan ba bango ba shafin farko. Labarin ayarin fatake ne na zamanin da. Wani malamin makaranta, mai son a riƙa ce masa darakta, shi ya mayar da shi wasa. Ni kuma aka miƙo mini littafin aka ce in tufatar da mutanen ciki.

Wanda bai taɓa wannan aiki ba yana zaton littafi zai gaya masa komai. Ba ya faɗa. Marubutan zamanin da ba ruwansu da tela. Sai su cika shafi guda da abin da mutum ya ce a gaban alƙali, sannan su ce ya sa rigarsa ya fita. Wace riga? Wa ya wanke ta? Gado ya ci ko aro ya yi? Wannan duk ni ake bar wa. Sai in zauna in yi ta karanta mutum har in san ko shi mai naɗe hannun riga ne ko mai sakinsa yana sharar ƙasa. Matsoraci nakan ba shi hula da ta ɗan yi masa yawa. Mai fariya nakan ƙara masa faɗin riga, ya riƙa fama da ita a ƙofa. Marowaci kuwa rigarsa mai kyau ce, wandonsa ne ke tona shi.

Babban abokin gabana a wannan aiki sabon yadi ne. Shaddar kasuwar Oshodi in fitila ta haske ta, sai ta kama walƙiya kamar ledar biredi, ka ga bafataken da ya yi wata uku a hanya ya fito fes kamar ango. Don haka nakan tafasa ganyen shayi da dakakken goro in tsoma yadi, in shanya, in goge wuya da gwiwar hannu a kan dutse. Maƙwabta sun sha tsayawa suna kallona ina lalata sabon ɗinki da hannuna, suna girgiza kai. Duk da haka, tsufan ƙarya bai taɓa kamo na gaskiya ba. Shi ya sa nake hulɗa da wata tsohuwar dillaliya da kowa ke ce wa Iya, mai bin gidaje tana karɓar tsofaffin kaya. In wasa ya matso sai ta kawo mini ƙunshi guda, in saye shi a ɗaure da sunan ƙungiya, in kwance daga baya in zaɓa.

Wanda ya fi ba ni wahala a littafin nan shi ne madugu, shugaban ayarin. Dattijo ne mai kwarjini da daɗin baki, wanda in abokin tafiya ya kwanta ciwo sai ya yi masa addu'a mai tsawo, ya kwashe kayansa, ya bar shi a daji. A ƙarshen wasan fatake suna kama shi, su ja shi a ƙasa, su tsarge masa riga daga wuya har ƙasa. Kuma duk wanda ya san 'yan kallon Agege ya san ba sa barin mugu ya sauka lafiya. Ɓawon lemo da ledar ruwa suke jifansa da su, wani har da takalmi. Rigar madugu dai riga ce da za a ɗora wa mutum don a wulaƙanta ta.

Ranar da na kwance ƙunshin Iya, da hantsi ne. Na ɗaga wani zane, na ɗaga wata jamfa da asu ya ci, sai ga rigar saƙi a ƙasa, baƙa mai ɗigon fari, da aikin aska biyu a ƙirji. Tun kafin in warware ta na ji kamar na san ta. Na juya shafin da ke bakin rigar ta ciki, sai ga koren zare, ɗinki karkatacce, tsawon ɗan yatsa. Ɗinkina ne. Ina sabuwar koyo ƙusar shagon goro ta kama rigar babana, na ce ni zan gyara, ban sami baƙin zare ba na sa kore. Ya yi dariya, ya hana a warware.

Babana ɗan goro ne, kuma wannan ce rigarsa ta Juma'a. Da ya rasu aka yi abin da ake yi: aka fito da tufafinsa aka rabar sadaka ga waɗanda za su sa su yi salla, ladan ya riƙa isa gare shi. Ana cikin rabo ƙaninsa, Baffa, ya ɗauki saƙin ya kifa fuska a kai yana kuka. Ya ce wannan ba mai taɓa ta, shi zai riƙe, duk Juma'a da ita zai je masallaci. Har ni sai da ya sa ni kuka. Ya sa ta 'yan makonni, daga nan muka daina ganinta, muka ce tattalinta yake yi.

Da yunwa ce ta sa shi sayar da ita, wallahi da na yafe. Amma Baffa yana da tireloli a Apapa. Shi ne ma uban ƙungiyar wasanmu, shi ke kawo rumfa da kujeru, shi ake ajiye wa kujerar gaba mai hannu. Rigar ce kawai ta tsufa a idonsa, ta tare masa wuri a akwati, aka haɗa ta da tarkace aka miƙa wa dillaliya. Na zauna a kan benci da ita a cinyata, kafur da ƙurar gidajen mutane sun cinye ƙanshin mai ita. Baƙin cikin da na ji ranar ya fi na ranar rabon.

Ina nan zaune darakta ya faɗo shagon, ko sallamar kirki babu. Idonsa ya sauka a kan rigar.

"Madam, ai kin gama aiki," ya ce. "Wannan ita ce madugu. Ko marubucin ya gan ta sai ya ce ita yake nufi."

"Ba ta cikin kayan wasa, Malam."

"Ba daga ƙunshin ƙungiya ta fito ba?"

"Daga nan ta fito. Zan ɗinka maka wata in tsufar da ita, kai kanka ba za ka bambance ba."

"Ke da bakinki kike cewa tsufan ƙarya ba ya kamo na gaskiya. Abeg, don Allah, kar ki kawo mini wahala ana saura kwana kaɗan."

Abin haushin, gaskiya ya faɗa. Da rigar wani ce, da ni zan fara cewa ita ce madugu. Faɗin kafaɗarta, nauyinta, yadda hasken fitila zai nutse a cikinta maimakon ya yi tsalle, duk abin da nake nema ne. Amma ban iya gaya masa dalili ba. Darakta mutum ne da in ka gaya masa magana da safe, kafin azahar 'yan okada na bakin titi sun haddace ta. Ni kuwa, duk cikar da na yi, ban shirya tallar asirin gidanmu ba. Na ce masa a'a kawai, na ninke rigar na tura ƙarƙashin tebur. Ya ce ina da girman kai, ya ce keken ɗinki ɗaya gare ni amma ina ji kamar ni na rubuta littafin. Na ce shi ma ai ba shi ya rubuta ba. Ya fita yana huci, ni kuma na san inda ya nufa, don duk rigimar ƙungiya wajen uban ƙungiya take ƙarewa.

Washegari Alhamis, bayan la'asar, motar Baffa ta toshe lungunmu, masu motocin haya na danfo suna ta zuba masa oda ko a jikinsa. Ya shigo yana ɗingishi saboda ciwon gwiwar da ya daɗe yana fama da shi, darakta na biye da shi. Na durƙusa na gaishe shi yadda aka koya mini.

"Ke, me nake ji?" ya ce. "An ce kin riƙe kayan mutane."

Na ɗauko rigar na shimfiɗa a kan teburin yanka, na juya shafin, koren zaren yana sama. Na tsaya ina kallon fuskarsa, don ita nake son gani. Ya gane ta. Na ga lokacin da ya gane ta, hannunsa ya taso zai taɓa, ya fasa, ya mayar cikin aljihu.

"A kan wannan tsumman ake ta hayaniya?"

"Baffa, duba shafin."

"Na duba. Saƙi ai duk kama yake yi. Ta Yaya tana cikin akwatina, da kafur ɗinta."

"To alhamdu lillahi. Gobe Juma'a, sai mu gan ta a jikinka."

Darakta, duk surutunsa, ba wawa ba ne. Ya dubi rigar, ya dubi Baffa, ya dube ni, jikinsa ya yi sanyi.

"Alhaji," ya ce a hankali, "in rigar gida ce, a bar ta. Madam ta ce za ta ɗinka wata."

Nan ne na ga abin da har gobe ba zan manta ba. An buɗe wa Baffa ƙofa, abin da ya rage ya yi shiru kawai ya fita. Amma in ya yarda a bar ta, ya amsa ke nan cewa ita ce. Sai borin kunya ya kama shi.

"Na ce ba ita ba ce. A sa ta a wasan. A ja ta, a yaga ta, yadda aka tsara. Ni na ce."

Ya gwammace a ja rigar ɗan'uwansa a ƙasa, yara suna jifa da ɓawon lemo, shi yana kujerar gaba yana tafi, da a ce ya yi abin kunya. Na dube shi, mutumin da ya ɗauke ni a kafaɗa ina yarinya, na ji ba abin da ya rage a zuciyata game da shi sai tsana. Na ninke rigar a gabansa, ninki na tsanaki, na rungume ta.

"Ba za a sa ba, Baffa."

"To ki zaɓa. Ko ki ba da rigar, ko ki ba da makullin akwati. Ba na zuba dukiyata a inda yarinya za ta yi mini rashin kunya."

Makullin yana rataye a wuyana da igiya. Na cire na ajiye a kan tebur. Darakta ya tsaya yana kallonsa kamar zai ce wani abu, sai ya tuna rumfa da kujeru, ya sa hannu ya ɗauka. Kafin magariba an zo an kwashe akwatin, da duk hulunan da rigunan da na ɓata shekaru ina tsufarwa a kan dutse. Na tsaya a ƙofa har aka ɗora shi a baro, ban bari kowa ya ga hawayena ba.

Na rufe shago na nufi gida wajen mahaifiyata. A hanya ina ta lallashin kaina cewa ko ba komai na dawo da rigar Baba gida. Na ma zaɓi inda zan ajiye ta, a ƙasan akwatina, in riƙa fito da ita ina shanyawa. Na tarar da Inna a tsakar gida tana tsince shinkafa. Na shimfiɗa rigar a kan tabarma a gabanta, na kwashe labari duka na gaya mata, ban rage wa Baffa ko ƙwaya ba. Ina jiran ta yi salati, ko ta fashe da kuka. Ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

"Na sani," ta ce. "Nan Iya ta fara kawo ƙunshin, tun kafin azumi. Na gan ta, na ninke na mayar."

"Kin gan ta, Inna? Kika bar ta tana yawo gida gida?"

"In saya in ce wa Iya me? Kafin ta kai bakin titi kowa ya ji ƙanin mijina ya sayar da rigar mamaci. 'Ya'yansa ƙannenki ne, su za a riƙa nunawa."

Na ce su nuna ɗin mana. Na ce shi bai ji kunyar sayarwa ba, mu ne za mu ji kunyar saya? Na faɗi maganganu da yawa, da murya sama da yadda ya kamata 'ya ta yi wa uwa. Ta bar ni na gama. Sannan ta ajiye faifan, ta jawo bakin rigar, ta shafa koren zaren da babban yatsa. Ta daɗe tana shafawa.

"Ba za ta zauna a gidan nan ba," ta ce.

"Inna, aikina fa na bayar a kanta."

"Na ji. Amma sadaka muka bayar, kuma malamai sun hana mutum ya sayo sadakarsa ya mayar ɗaki. Lokacin da kika saya ba ki sani ba, yanzu kin sani. Ba don a ajiye a akwati aka fitar da ita ba, don a yi salla da ita ne. In kin kulle ta, me ya raba ki da Baffanki? Shi ma ba ya salla da ita, ke ma haka."

Wannan magana ta yi mini zafi fiye da duk abin da Baffa ya faɗa. Na rasa akwatin wasa saboda rigar, ga shi rigar ma ba tawa ba ce. Na tambaye ta wa zan ba. Ta ce duk wanda na ga dama, in dai mai salla ne. Ta ɗauki faifanta ta shige ɗaki, ba ta sake kallon rigar ba.

Duk wanda na ga dama. Na kwana da wannan kalma, kuma ba zan yi ƙaryar cewa da zuciya mai tsabta na yi zaɓina ba. Aikina ke nan tun farko, in dubi riga in san jikin da ya dace da ita da wurin da za ta tsaya a gan ta.

Akwai masallaci a ƙofar gidan Baffa. Shi ne ya shimfiɗa masa tayil, kuma shekara da shekaru wurinsa ɗaya ne, sahun farko, daidai bayan liman. Ladanin masallacin wani dattijo ne mutumin Nijar, dogo mai faɗin kafaɗa kamar babana, da riga ɗaya tal da wanki ya cinye. Wurin tsayuwarsa kuwa kafaɗa da kafaɗa da Baffa. Da safe na wanke saƙin da hannuna, na kai wa masu bugu aka buga shi ya kwanta, ban taɓa koren zaren ba. Na sami ladan a ƙofar ɗakinsa na durƙusa na miƙa masa.

"Baba, sadaka ce. A yi wa mahaifina addu'a."

Ya warware ta, ya ɗaga ta sama da hannu biyu.

"Wannan ai rigar marigayi ce ta Juma'a. Na ɗauka tana wajen ƙaninsa."

"Ni ma haka na ɗauka."

Ya dube ni, bai ƙara tambaya ba. Ya yi addu'a mai tsawo, ya ce in Allah ya yarda ba Juma'a kaɗai ba, duk sallar da ya kira da ita zai kira.

An yi wasan ban je ba. An ce madugu ya fito cikin sabuwar shadda yana walƙiya, da aka zo yaga ta ma ta ƙi yaguwa, sai da wani ya kawo reza. Na yi dariya da aka ba ni labari, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Ina kewar aikin nan. Har yau in na ga tsoho ya wuce da wata irin hula, sai in ji hannuna yana ƙaiƙayi, in ce ga alƙali, ga ɓarawo. Ƙungiya ba ta sake nemana ba, darakta in ya hango ni sai ya tsallaka titi. Yanzu rigunan biki nake ɗinkawa, masu duwatsu da walƙiya, irin waɗanda na tsana.

Ladan kuwa ya cika alkawari. Sau biyar a rana yake tsayawa cikin saƙin babana ya kira salla, ya juyo ya shiga sahu. Baffa ya jure kwana kaɗan. Daga nan aka fara cewa ba a ganinsa a sahun farko, sannan aka daina ganinsa a masallacin gaba ɗaya. Ya gaya wa mutane likita ne ya ce ya riƙa tattaki saboda gwiwa. Yanzu can masallacin tsallaken layin dogo yake zuwa, kuma hanyar ɗaya ce, ta ƙofar shagona. Ina jin ƙarar sandarsa tun daga kwana. Duk ya zo wucewa sai na tsayar da keke, na leƙo, na durƙusa har ƙasa na gaishe shi, in tambaye shi ya ƙafa.